DA ME AKE AUNA AIKIN MUTUM?

Ya ku 'yan'uwa samari, ga tambaya: shin ana auna aikin mutum da abin da ya haifar ne, ko kuwa da abin da ya sani lokacin da ya aikata? Abubuwa biyu da suka auku a shekarar 2000 sun ishe mu misali.

Na farko maganar kwamfuta. Da yake ma'ajiyarta tana da tsada a da, sai masu tsara ta suka riƙa rubuta shekara da lamba biyu, watau 99 maimakon 1999. Aka ji tsoron in 2000 ta kama, na'urorin banki da na jiragen sama za su ɗauka 1900 ce, lissafi ya rikice. Ƙasashe suka kashe biliyoyin daloli wajen gyara. Ran 1 ga Janairu gari ya waye lafiya, sai wasu suka ce ai asarar kuɗi aka yi.

Na biyu jirgin yaƙin Rasha mai tafiya ƙarƙashin ruwa, Kursk. Ran 12 ga Agusta makami ya fashe a cikinsa, ya nutse a tekun Barents da mutum 118. Ingila da Norway suka ce za su taimaka, amma hukuma ba ta yarda ba sai bayan kwana huɗu. Da aka buɗe ƙofar jirgin ran 21 ga wata, ba a sami mai rai ba. Binciken gwamnati ya ce mutum 23 da suka tsira daga fashewar sun mutu cikin awa takwas.

To, wani zai ce: ashe jinkirin bai kashe kowa ba, ina laifi? Laifin kuwa yana nan. A waɗannan kwanaki huɗu babu wanda ya tabbatar sun mutu. Wanda yake zaton akwai rai a ƙasan ruwa, ya fifita kare girmansa a kan neman taimako, ya riga ya yi laifi. Haka masu gyaran kwamfuta: sun ga haɗari sun tare shi, zaman lafiyar da ta biyo baya ba ta mai da su wawaye ba.

Wannan shi ne abin da malamai suka karantar: alƙalin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure yana da lada, wanda kuwa ya yi hukunci da jahilci ba shi da yabo ko da ya dace. Gaibu na Allah ne. Kai za a tambaye ka abin da ka sani da abin da ka nufa.

Saboda haka kai direba mai fita da mota ba birki, kada ka ce ai mun iso lafiya. Allah ne Ya rufa asiri, sai ka tuba ka gyara.

Allah Ya sa mu dace, amin.