Tallafin Karatu Da Sunan Mamaci: Sadakar Da Ba Ta Yankewa

Ya ke 'yar'uwa Musulma, idan aka yi mana rasuwa mun saba da ɗora tukunya ranar uku, ranar bakwai da ta arba'in. A ci, a yi addu'a, a watse. Ciyarwa alheri ce, babu shakka, amma kafin la'asar an wanke tukwane. Shin babu sadakar da za ta fi haka daɗewa?

Hadisin Abu Huraira (RA) da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa, ban da sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sa'adu bn Ubada (RA) kuwa, mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari. Da Manzon Allah (SAW) ya tabbatar masa cewa sadakarsa za ta amfane ta, sai ya bayar da gonarsa sukutum. Ki lura, gona ya bayar, abin da ke yin 'ya'ya kowace shekara.

A Amurka akwai wata al'ada: iyalan mamaci su ware kuɗi da sunansa, duk shekara a ba ɗalibi tallafi, sau da yawa mai kammala sakandare. Wasu iyalan ba makin jarrabawa kaɗai suke dubawa ba, sukan tambayi me yaron ya yi wa jama'arsa.

Ranar 10 ga Fabrairun 2015, a garin Chapel Hill na jihar North Carolina, wani maƙwabci ya harbe matasa Musulmi uku: Deah Barakat mai shekara 23, ɗalibin likitancin haƙori, da amaryarsa Yusor Abu-Salha mai 21, da ƙanwarta Razan mai 19. Ko wata biyu ba a yi da ɗaurin auren ba. Inna lillahi! An san su da kai wa marasa matsuguni abinci, kuma Deah yana cikin tara kuɗin zuwa Turkiyya don duba haƙoran 'yan gudun hijirar Siriya. A shekarar ce jami'ar jihar da ke Raleigh, inda dukkansu suka yi karatu, ta kafa asusun tallafi da sunansu, aka sa hidimar jama'a cikin sharuɗɗan samunsa. Wato abin da aka san su da shi, shi ake nema a jikin wanda za a ba.

Wata za ta ce, "Malama, wannan ba koya wa yara riya ba ne? Su yi aiki don a gani a biya su?" Tambayar tana kan hanya, domin aiki da niyya yake. Sai dai Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da saka wa wanda ya kyautata. Niyya tsakanin yarinya da Ubangijinta take. Namu shi ne kada mu sa ta yi tallan kanta. Maimakon a ce ta rubuto abin da ta yi, a tambayi malamarta ta Islamiyya, a tambayi tsohuwar da take ɗebo wa ruwa, a tambayi ƙananan da take yi wa bitar karatu bayan magariba. Su ne shaidun gaskiya, kuma irin wannan yarinya galibi ba ta ma san ana kallonta ba.

To, nawa ne a unguwarki suka gama aji shida na sakandare suka zauna, don kawai babu kuɗin JAMB ko na rajista? Ba sai kina da miliyoyi ba. 'Ya'yan mamaciya biyar za su iya haɗa kuɗin yarinya ɗaya duk shekara.

Sai dai a kiyaye: dukiyar da mamaci ya bari ta magada ce. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a taɓa rabon maraya ko da don sadaka ne. Balagaggu su bayar daga nasu da yardar ransu, a rubuta sharuɗɗan, a sa shaidu, a damƙa amanar a hannun mutum fiye da ɗaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai haske kabarinsu. Amin.