Amanar nassi da almakashin masu bayi

A shekarar 1807, shekarar da majalisar Ingila ta haramta fataucin bayi, an buga wani ɗan littafi a birnin London domin bayin tsibiran Karibiyan. Zaɓaɓɓun sassa ne na Littafi Mai Tsarki. Daga cikin surori 1189 da Furotesta ke karantawa, 232 kaɗai suka tsira. Surorin farko na Fitowa, inda Isra'ilawa suka kuɓuta daga hannun Fir'auna, an zubar da su. Ayar Galatiyawa 3:28, wadda ta daidaita bawa da ɗa a cikin Almasihu, ita ma babu ta. Amma Afisawa 6:5, mai umartar bayi da biyayya ga iyayengijinsu, tana nan daram. Masu wannan aiki ba su ƙara ko kalma ɗaya tasu ba, sun bar almakashi ya yi musu ƙaryar.

Kirista na yau ba ya yanke shafuka, amma ido kan yi aikin almakashi: ya tsaya inda rai ke so, ya tsallake inda zai tsawata masa. Ta yaya ke nan mai bi zai karanta nassi bai ci amanarsa ba?

Matakin farko shi ne duba abin da ke rubuce. Shekara da shekaru masu wa'azi a kudancin Amurka suna kafa hujja da sura ta 9 ta Farawa, wai Nuhu ya la'anci ɗansa Ham, don haka baƙar fata gadon bauta gare ta. Mai karatu da Hausa, wanda cikakken Littafi Mai Tsarki ya iso hannunsa tun 1932, yana iya buɗewa ya gani da idonsa. La'anar ta faɗa ne a kan Kan'ana, ɗaya daga cikin ƴaƴan Ham huɗu. Kush, wanda ake danganta shi da ƙasashen kudu da Masar, ba a ambace shi cikinta ba, kuma surar ba ta ce uffan game da launin fata ba. An ga abin da babu shi ne domin gonakin auduga na buƙatarsa.

Sai dai da a nan matsalar ta tsaya, da ta yi sauƙi. Masu bayi suna da ayoyin da ba ƙirƙirarsu suka yi ba. Littafin Firistoci, sura ta 25, ya halatta sayen bayi daga al'umman maƙwabta, Bulus kuma ya mai da Onisimus wurin ubangijinsa Filimon, ko da yake ya roƙi a karɓe shi kamar ɗan'uwa. Da yawa daga cikin malaman da suka kare bauta sun san Girkanci da Ibrananci sarai. A 1845 Baptis na kudancin Amurka suka ɓalle suka kafa ƙungiyarsu, kan gardamar ko mai bayi zai iya zama mishan. Sai a 1995, bayan shekara 150, ƙungiyar ta nemi gafara a fili.

Tun ƙarshen ƙarni na 4, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba yau a Aljeriya, ya ba da ma'auni: fassarar da ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, mai ita bai fahimci nassi ba tukuna. Ma'auni ne nagari, amma shi kansa Agustin ya ɗauki bauta a matsayin sakamakon zunubi, bai yi kira a kawar da ita ba. Mai gonar auduga ma rantsuwa yake yana ƙaunar bayinsa. Wa zai ƙaryata shi, tunda wanda ake magana a kansa ba ya zauren da ake fassarar? Ba banza ba jihohin kudu da dama suka tsananta dokar hana bayi koyon karatu bayan tawayen Nat Turner a 1831. Fassara takan karkace in wanda zai ci ribarta shi kaɗai ke yin ta, wanda zai ɗauki nauyinta kuwa an rufe masa baki. Bayin da labarin Fitowa ya kai kunnensu sun gane shi nan take, har Musa ya cika waƙoƙinsu na ibada.

Malamin tauhidi Howard Thurman ya ba da labarin kakarsa a littafinsa na 1949. An haife ta cikin bauta, ba ta iya karatu ba, shi ke karanta mata tun yana yaro. Tana son Zabura da Ishaya da Linjila, amma ta hana shi karanta mata wasiƙun Bulus, in ban da sura ta 13 ta Korantiyawa ta fari, jefi-jefi. Dalilinta shi ne, mai wa'azin da ubangijinsu ke kawowa ayar biyayya yake maimaita musu sau da yawa a shekara, sai ta yi wa Mahaliccinta alkawari in ta sami ƴanci ba za ta koma wa wannan sashe ba. Ita ma ta yanke littafin, har da Galatiyawa 3:28, ayar da da ta zama tata. Wanda ya fara sa almakashin a hannunta kuwa mai wa'azi ne.