Aswakin Wanda Hannunsa Ya Gaza



A ƙasar Gumel muna da dattawa da yawa da suka ƙarar da ƙarfin hannunsu a yankan riɗi da ɓarar zoɓo, daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar. Yau amosanin gaɓɓai ya ƙage yatsun wani, wani kuma hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Muna kai musu tuwo, muna zuba musu ruwan alwala, amma wa yake tambaya: Baba, ka samu yin aswaki? Shi kuwa kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Ku tuna abin da Bukhari ya ruwaito. A ciwon ajalin Manzon Allah (SAW), shekara ta 11 bayan Hijira, Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo da aswaki. Annabi ya bi shi da kallo, Nana A'isha (RA) ta gane, ta karɓa ta tausasa, ta miƙa masa. Bai ma furta ba, ta fahimta. Wannan wurin nake so mu tsaya.

Dabarar ba ta cin kuɗi. Mariƙin buroshi siriri ne, yatsu masu ciwo ba sa iya matse shi, to a naɗa masa tsumma mai tsabta har ya yi kauri. Idan riƙon ya gagara, a ɗaure shi a tafin hannu da roba. Aswakin darbejiya kuwa a yanko mai kauri da tsawo, a jiƙa bakinsa, a daddaka shi. Da hunturu ya fara tsoma hannu a ruwan ɗumi.

Masu tambayata batun hagu: wanda damansa ta shanye ya yi da hagu, babu laifi. Ibn Taimiyya ma hagun ya fifita ga mai lafiya. Kuma Risala ta yarda da gogawa da yatsa.

Idan kai za ka goge masa, zaunar da shi, kada ka yi yana kwance rigingine, don mai shanyewar jiki yana saurin ƙwarewa, ruwan ya faɗa huhu. Makilin kaɗan. Ka duba kuncin ɓangaren da ya shanye, nan abinci yake maƙalewa bai sani ba. In dasashi ya kumbura ko yana yawan jini, a kai shi Babban Asibitin Gumel.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.