TURERENIYA DA DOGON LAYI A WURAREN WASAN YARA

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, ga Salla ta ƙarato, kuma kowane magidanci ya san abin da ke jiransa bayan an sauko daga Idi. Yara za su ci ado, su tara goron Salla, sa'an nan su tsare mahaifinsu da maganar a kai su gidan namun daji ko filin lilo. Wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan namun daji na Audu Bako a Kano kashegarin Salla, ko ƙofar Millennium Park a Abuja, ya ga yadda jama'a ke yin dafifi, babu masaka tsinke. To, a kan wannan fita ce nake so mu yi nazari a wannan mako, domin kuwa shari'a tana da magana a kanta.

Mu fara da kawar da shakka. Wasa a ranar Salla halal ne, faranta wa iyali rai kuwa aikin lada ne. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa a wata ranar Idi mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah ya tsaya, Nana A'isha tana bayansa tana kallo, bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa malami zai zo ya hana yaro hawa lilo. Abin dubawa shi ne yadda aka yi kallon. Uwar muminai ta more idonta tana cikin kariyar mijinta, babu mai bangazarta, ita ma ba ta bangaji kowa ba.

Ran 18 ga Disamba, 2024, an shirya wa yara bikin wasanni a filin wata makarantar sakandare da ke unguwar Bashorun a Ibadan. An yi shela a rediyo cewa za a raba wa yara dubu biyar kuɗi, kowane yaro Naira 5,000. Iyaye suka yi sammako da 'ya'yansu, jama'a ta fi ƙarfin ƙofa, aka yi turmutsitsi, yara 35 suka rasu. Kwana uku bayan haka aka sake yin irin wannan rashi a Abuja da garin Okija na Jihar Anambra wajen rabon kayan abinci. Mu ma nan Arewa ba mu tsira ba, don a watan Maris na wannan shekarar ta 2024, cikin azumi, an yi asarar rayuka a Bauci wajen rabon zakka. Dukan waɗannan mutane da ƙafafunsu suka fita, kuma neman alheri ya kai su.

Yawancinmu muna zaton wanda ya mutu a cikin turmutsitsi tattake shi aka yi. Masana sha'anin taro sun bayyana cewa mafi yawa matsi ne ke kashe su, watau a danne ƙirjin mutum ta gaba da ta baya har ya kasa jan numfashi, alhali yana tsaye a kan ƙafafunsa. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, to, babu sauran mai iko da jikinsa, taron ne ke kai shi inda ya ga dama, kamar ruwa da kara. Na baya bai san halin da na gaba ke ciki ba, shi dai yana turawa. Yaro kuwa gajere ne, fuskarsa daidai cikin manya take, kukansa ba ya fita. Goyon da ke bayan uwa ya fi kowa shiga haɗari, domin shi ne ke tsakaninta da mai turo ta, ita kuma ba ta ganinsa.

Yanzu sai mu duba yadda Manzon Allah ya yi da cunkoso a wurin da ya fi kowane wuri alfarma. A Hajjin Bankwana, uwar muminai Sauda, wadda mace ce mai jiki, mai nauyin tafiya, ta nemi izini ta bar Muzdalifa da dare kafin jama'a su taso, ya kuwa yi mata izini. Daga baya Nana A'isha ta riƙa cewa da ma ita ma ta nemi wannan izini. Abdullahi ɗan Abbas, wanda a lokacin yaro ne, ya ba da labari cewa yana cikin raunanan iyalin da aka tura gaba a wannan dare. Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya, aka umurce ta da ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Da aka taso daga Arfa, Manzon Allah ya ji hayaniya da dukan raƙuma a bayansa, sai ya ɗaga bulalarsa ya yi nuni, ya umurci jama'a da natsuwa, ya sanar da su cewa gaggawa ba ita ce aikin ɗa'a ba. Har wa yau Imamu Ahmad ya ruwaito cewa ya gargaɗi Sayyadina Umar, saboda ƙarfin da Allah ya ba shi, da kada ya yi turereniya a wurin Hajarul Aswadi ya cuci mai rauni. In ya sami sarari ya sumbata, in bai samu ba ya fuskance shi ya yi kabbara ya wuce. A kan haka malamanmu na Malikiyya suka jera matakai: baki, in ya gagara sai hannu, in ya gagara sai sanda, in duk sun gagara kabbara ta wadatar.

To, jama'a, ku yi wa Allah ku auna. Idan sumbatar Hajarul Aswadi, wadda sunna ce tabbatacciya, ana barinta saboda kada a cuci wani, ina ga hawa dokin katako mai zagayawa? Idan an yarda mace ta bar Muzdalifa kafin alfijir don gudun taro, wace hujja gare ka ta jefa matarka da 'ya'yanka cikin tsakiyar taro don ganin kura a keji? Alhazanmu sun san kuɗin da aka biya a duk lokacin da aka manta da wannan koyarwa. Mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim a 1990. A Mina kuma, a 2015, hukumar Saudiyya ta ƙirga 769, wani kamfanin dillancin labarai ya ƙirga fiye da 2,400, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, Allah ya jiƙansu. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa, balle ya jefa yaron da aka ba shi amana.

Dabarar kuwa ba ta da wuya, ita ce dai ta Sauda: a saɓa wa taro lokaci. Kowa yana so ya je ranar Salla ko kashegari, kuma kowa yana fitowa bayan azahar. Kai sai ka yi haƙuri zuwa kwana na huɗu ko na biyar, ko ma mako ya zagayo, ka fita da hantsi daidai lokacin buɗe ƙofa. Zakin nan yana nan, bai tafi yawon Salla ba. Za ka shiga da sanyin safiya, yara su hau abin da suke so sau biyu ko uku, ku fito kafin rana ta take, lokacin da wasu ke ta hauhawa a bakin ƙofa. In wurin yana sayar da tikiti tun kafin ranar, ka saya ka huta da layi ɗaya. Da shigarku ka duba ina ƙofar fita take, ka nuna wa yara wata bishiya ko rumfa ka ce duk wanda ya ɓace ya tsaya a nan, ka kuma sa wa ƙanana takarda mai lambar wayarka a aljihu. Idan ka iso ka tarar ƙofa ɗaya ce, mutane sun daina layi sun zama dunƙule, to, ka juya da iyalinka, ko da ka riga ka biya. In kuwa matsi ya rutsa da ku, ka ɗora yaro a wuya, uwa ta kwance goyo ta ɗaga shi sama, kada kowa ya sunkuya ɗaukar takalmi.

Akwai wata al'ada da na ƙi jini, ita ce a haɗa yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ƙannenta huɗu ko biyar, a ba ta kuɗin mota, uba ya koma majalisa, uwa ta shiga karɓar baƙi. Wannan yarinya ita kanta kiwo take bukata. Kowane magidanci makiyayi ne, kuma shi za a tambaya.

Sai maganar layi. Wanda ya riga zuwa shi ke da hakki, ko da almajiri ne. An kawo wa Manzon Allah abin sha, ga yaro a damansa, ga dattawa a hagunsa. Da yake na dama ne ke da hakkin farawa, sai ya nemi izinin yaron ya ba dattawa. Yaron ya ƙi sarayar da rabonsa, Manzon Allah kuwa ya danƙa masa ƙwaryar a hannu. Wannan yana cikin Muwaɗɗa da Buhari. Ina alhajin da ke zuwa da babbar riga ya ratsa layin yara talatin, ya ce shi ba ya iya tsayuwa? A masallacin Jumma'a ma an tsawata wa mai tsallake wuyan mutane, aka ce ya zauna ya cuci jama'a. Tsallake layi cin hakki ne, kuma sau da yawa shi ne mafarin turmutsitsi, domin da zarar na baya sun ga tsari ya karye, kowa sai ya nufi ƙofa. Wanda ya cusa wa mai tsaron ƙofa wani abu a hannu don a shigar da shi ta gefe, ya haɗa laifi biyu, cin hakki da ba da rashawa.

Wannan dabam yake da tikitin gaggawa da wasu manyan filayen wasa ke sayarwa a fili. Kamfanin Disney na Amurka ya fito da tsarin FastPass a 1999, kyauta, mutum ya karɓi lokacinsa ya tafi ya dawo, sa'an nan a 2021 aka maye gurbinsa da na biyan kuɗi. A ganina, muddin masu wurin ne suka tsara haka, suka sanar da kowa tun a bakin ƙofa, ciniki ne a kan amfani sananne, babu haramci a cikinsa. Sai dai ni ba zan so ɗana ya saba da ganin kuɗi na wuce da shi gaban 'ya'yan wasu ba.

Layi kuma ba uzuri ba ne na jinkirta salla. Sau nawa ake shiga layi da azahar, a fito la'asar ta yi ja? Fitar da salla daga lokacinta na muhtari zuwa na laruri ba tare da uzuri ba zunubi ne a mazhabarmu. Ka gaya wa na gabanka da na bayanka za ka je salla, su riƙe maka wurinka. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya tashi daga mazauninsa ya dawo, shi ya fi cancanta da shi, don haka babu mai ikon hana ka komawa.

Ga masu waɗannan wurare da hukumomin da ke ba su izini, su sani malamai sun daɗe da tattauna hukuncin wanda ya mutu cikin turereniya, har Imamu Buhari ya ƙulla babi a kansa. An ruwaito daga Sayyadina Umar da Sayyadina Ali cewa diyyarsa tana kan baitulmali, kuma Imamu Ahmad da Is'haƙu sun tafi a kan haka. Hasanul Basari ya ce tana kan waɗanda ke wurin. Imamu Malik ya ce babu wanda za a kama, tun da ba a san wanda ya yi kisan ba. Amma duk wannan saɓani a kan taron da babu mai shi ne, irin na Arfa ko na Jumma'a. Wanda ya kira jama'a da kansa, ya sayar da tikiti fiye da abin da filinsa zai ɗauka, ya kulle ƙofofi ya bar ɗaya don kada wani ya shiga bai biya ba, wannan an san shi, an san sunansa, kuma hukuncin lamuni saboda sakaci yana hawa kansa tun a nan duniya. Allah shi ne mafi sani.