Ko gafara tana gyara ɓarawo?

A ƙasar Faransa an yi wani marubuci, sunansa Biktor Hugo. A shekarar 1862 ya fito da wani babban littafi mai suna Les Misérables, wato matalauta, waɗanda duniya ta juya wa baya. Yaran da suka yi nisa a lakwal sun san shi. A shekarar 1980 wasu mutum biyu, Alain Boublil da Claude-Michel Schönberg, suka mai da labarin wasan tiyatir a birnin Pari. Irin wasan nan, maganarsa da waƙa ake yin ta, da kiɗa. A 1985 aka juya shi da Ingilishi a Landan, daga nan ya zaga duniya.

Ga tushen labarin. Wani talaka, Jan Baljan, ya fasa tagar mai burodi ya ɗauki guda, saboda 'ya'yan 'yar uwarsa bakwai suna kwana da yunwa. Aka yanke masa shekara 5 a kaso. Ya yi ta ƙoƙarin gudu, ana ƙara masa, har ya cika shekara 19. Da ya fito a 1815, duk ƙofar da ya buga sai a kore shi. Mutum ɗaya ya saukar da shi: wani tsoho, babban limamin Kirista na garin Diñ. Ya ba shi abinci da shimfiɗa. Cikin dare Baljan ya kwashe cokulan azurfar tsohon ya gudu. Da safe jandarmomi suka kawo shi. Tsoho ya ce musu kyauta ya ba shi. Har ya ƙara masa mazaunin kyandir biyu na azurfa, ya ce ya manta da su ne.

A wasan tiyatir, tsohon na fita, Baljan ya kama waƙa. Kafin waƙar ta ƙare ya tuba, ya yaga takardarsa ta ɗan kaso, ya zama sabon mutum. 'Yan kallo su share hawaye. Abin da daɗi.

Littafin bai yi saurin nan ba. Ranar da aka yafe masa, a ranar ce kuma Baljan ya gamu da wani yaro a daji, ɗan ƙwadago mai share bututun hayaƙi. Kuɗin yaron, tamma 2, suka faɗi ƙasa. Baljan ya take da ƙafa, ya hana shi. Yaro ya roƙa, ya yi kuka, ya gudu. Ga azurfa cike da jakarsa, ga shi yana ƙwatar na yaro! Sai bayan yaron ya ɓace ya ga abin da ya yi, ya durƙusa yana kuka, kukansa na fari cikin shekara 19.

A nan, a ganina, littafin ya fi waƙar gaskiya. Hannun da ya saba da abu ba ya dainawa rana ɗaya. Mu ma mun sani: ka yafe wa yaron da ya ɗebar maka hatsi a rumbu, jibi ka ji ya kama kazar maƙwabci. Nan take mutane su ce, "Ai mun faɗa, mai hali ba ya barin halinsa." Da masu wannan magana sun tsaya bisa hanyar nan ta daji, da sun ce tsohon ya yi asarar azurfarsa. Da sun yi kuskure. Gafarar tana aiki a cikin mutumin, kamar irin da aka binne kafin ruwa ya sauka. Ita ce ta sa ƙwacen tamma 2 ya yi masa nauyin da bai taɓa ji ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Tsohon da dukiyarsa ya yi kyauta, ba da ta wani ba. Kuma ya daɗe yana horar da zuciyarsa: Hugo ya nuna ya bar wa marasa lafiya babban gidansa, ya koma ƙaramin gidan likita ya zauna. Wasan ba shi da lokacin nuna wannan, minti kaɗan tsohon yake yi gaban jama'a. Wanda aka sace wa akuyarsa guda ɗaya tilo, ba ni da bakin ce masa ya ƙara wa ɓarawo da igiya. In ya kai ƙara gaban mai gari, haƙƙinsa ne. In ya yafe, ya sani ba ciniki ya yi ba, ba wanda ya yi masa alkawarin riba.

Kuma akwai wanda gafarar ba ta biya ba. Baljan ya bi daji yana kiran yaron nan, bai same shi ba. Daga baya ya yi arziki, ya buɗe masana'anta, har ya zama magajin gari a wani wuri da wani suna. Duk yaro mai share bututu da ya ratsa garin, sai ya sa a kira shi, ya tambayi sunansa, ya ba shi kuɗi. Yaran suka gaya wa juna, suka yi ta zuwa. Mai tamma 2 ɗin bai zo ba.