Iyakar Soja Da Iyakar Allah: Darasi Daga Wani Fim Na Indiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutane daga namiji da mace, Ya sanya su dangogi da ƙabilu domin su san juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, finafinan Indiya sun daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa, balle yanzu da ake fassara su da harshenmu, suna yawo a wayoyin 'ya'yanmu daga Illela zuwa Malbaza da Birnin Ƙonni. Tsinuwa kaɗai ba ta hana kallo ba, don haka ya kamata mu ɗora abin da ake kallon a kan ma'aunin Shari'a.

Mu ɗauki Veer-Zaara, wanda Yash Chopra ya shirya a 2004. Labarin wani matuƙin jirgin sojan Indiya ne, wanda ba Musulmi ba, da wata Musulma 'yar birnin Lahore ta Pakistan. Mahaifinta ya riga ya yi alkawarin ba da ita ga ɗan wani babban gida domin siyasarsa ta ƙara ƙarfi. Da saurayin ya ƙetara iyaka sai aka ƙulla masa sharrin leƙen asiri, ya shekara 22 a kurkuku yana shiru don kare mutuncinta. Mai kallo yakan tashi da hawaye, yana ganin duk abin da ya raba masoyan nan zalunci ne iri ɗaya. A nan ne kuskuren yake, domin katangu uku ne aka cuɗanya, kuma kowace da hukuncinta.

Katanga ta farko ita ce iyakar soja. Turawan Ingila ne suka shata ta a 1947, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, ƙasashen biyu kuma suka gwabza yaƙi fiye da sau ɗaya. Mu ba baƙi ba ne ga irin wannan. Layin da ya raba Birnin Ƙonni da Illelar Sakkwato ya fito ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, ba tare da an shawarci kakanninmu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a Maratta a 1754, a wannan gefen namu, kabarinsa kuwa yana Sakkwato. An rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, zumunci da fatauci suka wahala. A cikin sharuɗɗan aure babu takardar ɗan ƙasa. Duk uban da ya hana 'yarsa mai addini da halin kirki don kawai ya fito daga ƙetaren shinge, to ya ɗaukaka layin Bature a kan 'yan uwantakar Musulunci.

Katanga ta biyu ita ce auren dole. Gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kamar yadda ya zo a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. Amma an ba shi ikon nan ne saboda ana kyautata zaton babu wanda ya fi shi tausayinta da sanin maslaharta. Amana ce a wuyansa. Idan ya mai da ita hanyar biyan bashi, ko neman kujera, ko kusantar attajiri, ya ci amanar. Buhari ya ruwaito cewa Khansa'u bint Khidam, bazawara, ta kai ƙarar mahaifinta kan auren da ba ta so, Manzon Allah (S.A.W.) ya warware shi. Ya kuma umurci a nemi izinin budurwa. Haka nan Barira, da aka 'yanta ta sai ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, yana bin ta yana kuka a titunan Madina. Annabi (S.A.W.) ya roƙa masa, da ta gane shawara ce ba umurni ba sai ta ƙi, bai kuwa tilasta mata ba. Idan Shugaban Halitta bai tilasta zuciyar 'yantacciyar baiwa ba, wane ne mu?

Katanga ta uku ita ce ta addini, kuma ita ce fim ɗin ya ratsa ta kamar babu ita. Aya ta 221 a Suratul Baƙara da aya ta 10 a Suratul Mumtahana sun haramta wa Musulma auren wanda ba Musulmi ba, kuma malamai sun haɗu a kan haka. Tarihinmu yana da labarin da ya fi na fim taɓa zuciya. Zainab (R.A.), 'yar Manzon Allah (S.A.W.), tana auren Abul Asi ɗan Rabi'u, wanda aka kama cikin rundunar Ƙuraishawa ranar Badar. Ta aiko da sarƙar wuyan mahaifiyarta Nana Hadiza (R.A.) domin fansarsa. Aka sake shi bisa sharaɗin ya turo ta Madina, ya kuwa cika alkawari. Suka yi shekaru a rabe, yaƙi yana tsakanin garuruwansu, kowannensu yana riƙe da son ɗan uwansa, har Allah Ya shiryar da shi aka mayar masa da matarsa. Ba a zarge ta don tana son sa ba, ita ma ba ta tsallake dokar Ubangijinta saboda son ba.

To, ina muka tsaya? Da yawanmu mun ƙarfafa katangun da mutum ya gina, mun yi sakaci da wadda Allah Ya gina. Muna hana aure saboda asali da dukiya, muna aurar da yarinya tana kuka, sa'an nan idan ta gudu ta ƙetara iyaka, ko auren ya mutu kafin shekara, sai mu ɗora laifin a kan fim. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yarinyar da mahaifinta yake zama da ita ya ji ra'ayinta da wuya ta koma neman mai tausaya mata a cikin majigi.

Nasiharmu ga iyaye: ku tambayi 'ya'yanku mata kafin ku karɓi kuɗin gaisuwa, ku bambance shirun kunya da shirun tsoro. Ga limamai: kada ku shafa Fatiha sai kun tabbatar da yardarta. Ga samari da 'yan mata: so ba laifi ba ne, amma ƙofarsa ita ce aure ta hannun waliyyi, kuma shawarar iyaye ta fi ta mai shirya fim, wanda kasuwarsa yake nema.

Allah Ya haɗa kan Musulmin Nijar da Najeriya, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya, Ya ba 'ya'yanmu abokan zama nagari. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.