Ƙwan Da Bai Mutu Ba

'Yar uwa, tambaya ce nake tafe da ita yau, kuma a gareji na samo ta. Abin da bai mutu ba, yana dai aiki da rauninsa, canza shi almubazzaranci ne, ko kuwa barinsa ne sakaci?

Maigidana yana da tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Gadon mahaifinsa ce, don haka ba a maganar sayarwa. Wani dare muna dawowa daga biki a Zariya, yara uku na barci a baya, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai ga wata babbar mota ta lalace a kan titi, ba wata alama sai ganyen da aka zuba. Wallahi sai da muka zo gab da ita ya gan ta. Ya taka burki, Ummi ta faɗo daga kujera, ni kuwa salati kawai nake. Allah Ya tsare.

Da gari ya waye na ce, "Baban Ummi, anya fitilar nan tana gani kuwa?" Ya ce, "Ai duka biyun suna kamawa." Kuma gaskiya ya faɗa, suna kamawa. Kin san maza da mota, ba su cika son mace ta sa baki ba. Na dai yi ta lallami har muka biya wajen mai gyaran wutar mota.

Mutumin ya zaro ƙwan guda ya ɗaga a rana. Gilashin ya yi duhu-duhu kamar gilashin fitilar ƙwai da ta sha hayaƙi. Ya ce, "Hajiya, kin ga wannan siririyar wayar ta ciki? Duk kunnawa zafi na cinta, abin da ya ci kuma yana mannewa a jikin gilashi. Kafin ƙwai ya mutu ya daɗe yana rage haske, mai mota ne ba ya lura." Ya ce a canza duka biyun tunda tare aka sa su, tare suka tsufa.

Nan fa gardama ta tashi. Baban Ummi ya ce zubar da abin da ke aiki ɓarnar dukiya ce, kuma ba haka aka tarbiyyantar da shi ba. Ban raina wannan magana ba ko kaɗan. Ni ma 'yar gidan da ake liƙe roba da wuta ce, ana ɗinke takalmi sau uku kafin a yar. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga robar da ke yoyo ni kaɗai take jiƙawa. Fitila kuwa ba ta mai mota ce shi kaɗai ba. Yaran da ke baya suna da rabo a cikinta, mai keken da ke gefen titi yana da rabo, haka tsohon da ke tsallakawa zuwa masallaci da asuba. Tattalin da za ka yi da ran wani, ban san sunansa tattali ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, shekara da shekaru yana tuƙi a cikin wannan dishi-dishi bai taɓa sani ba. Hasken raguwa yake kaɗan-kaɗan, ido yana sabawa, har mutum ya ɗauka haka dare yake. Da ƙwan ya mutu farat ɗaya, da washegari an canza shi. Ni kaina sai na tuna Innarmu, ta daɗe tana cewa allurar zamani ce ba ta da ƙofa, ashe yanar ido ce.

Da ya yarda kuma sai ya so ya zarce. Aka nuna masa wani farin ƙwai na LED mai hasken tsiya, ya ce shi za a sa. Mai gyaran ya ce madubin cikin fitilar Fijo ba don irinsa aka yi shi ba, hasken watsuwa zai yi ya kashe wa mai tahowa ido. Sai na ce, "Baban Ummi, sau nawa ka yi Allah ya isa a hanya saboda an dalle ka?" Ya yi dariya, ya ce a sa irin na da, H4 mai wat 60 da 55.

Mutumin ya riƙo sababbin da takarda, bai bari yatsa ya taɓa gilashin ba, wai maiƙon hannu na tara zafi wuri guda ya rage wa ƙwai kwana. Ya goge gilashin fitilar, da magariba ya juya motar ta fuskanci bango ya daidaita hasken, don kada ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli kwata.

Tsohon ƙwan da ya fi dama-dama bai shiga shara ba. Baban Ummi ya naɗe shi a takarda ya ajiye a aljihun mota saboda ɓacin rana, ni ma ban hana ba. Muna shigowa layinmu da daddare ya rage gudu, ya ce, "Maman Ummi, yaushe ramin nan ya yi girma haka?" Na ce tun daminar bara.